Ina neman iyayen da suka haife ni, kuma ina son in rubuta labarin: ta ina zan fara?

"Assalamu alaikum Malam. Ni mace ce, a Tudun Wadar Zariya na tashi, ina da aure da 'ya'ya biyu. Bara Allah ya yi wa Babanmu rasuwa. Ranar da aka zauna rabon gado baffana ya ce a cire sunana, wai ni ba 'yar gidan ba ce. Na tambayi Inna, ta fashe da kuka, ta ce gaskiya ne: a 1993 aka kai ni gidan mai unguwa ina jaririya, ita kuma ta karɓe ni don lokacin ba ta taɓa haihuwa ba. Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba. Ina so in san waɗanda suka haife ni. Kuma na daɗe ina rubuta gajerun labarai a waya, yanzu ba abin da nake so irin in mayar da wannan littafi. Ta ina zan fara? Ko rubutun zai ɓata mini binciken?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya saka wa Inna da alheri. Aiki biyu kika ɗauko, neman asali da rubuta littafi, kuma duka biyun za su yiwu, amma kada ki bar su su cakuɗu. Bincike shaida yake so da riƙe sirri. Ƙagaggen labari kuwa sai an sakar masa mara ya ƙara, ya rage, ya ƙirƙiro. Mai haɗa su wuri guda, bayan wata shida ba ta iya bambance abin da wata tsohuwa ta faɗa mata da abin da ita ta saƙa a ranta. Saboda haka tun yau ki sayi littattafan rubutu biyu. Na farko ba a shigar da komai cikinsa sai abin da aka ji daga bakin wani, da sunan wanda ya faɗa, da ranar, da kuma ko ya gani da idonsa ne ko shi ma ji ya yi. Na biyu naki ne, ki rubuta abin da kika ga dama.

Matsayinki tukuna

Baffanki ya yi rashin lafazi, amma a hukunci 'yar riƙo ba ta cikin magada. Suratul Ahzab, aya ta 4 da ta 5, ta hana a mayar da ɗan riƙo ɗan cikin mutum, ta ce a kira yara da sunan ubanninsu, in ba a san uban ba to 'yan'uwa ne a addini. Wannan bai rufe ƙofar komai ba. Idan Baba ya bar miki wasiyya, tana zartuwa har zuwa sulusin dukiya. Abin da ya ba ki kyauta yana raye kuma kika karɓa a hannu, naki ne, ba ya shiga gado. Inna ma tana iya yi miki kyauta yanzu ta damƙa miki a gaban shaidu. In akwai jayayya kan wannan, maganar alƙali ce, ki kai ta can da takardunki.

Sai abin da ya fi ci wa mutane rai. Tsintuwa ba hujja ba ce cewa ba ta hanyar aure aka haifi yaro ba. Malaman fiƙihu sun ce tsintacce ɗa ne mai 'yanci, Musulmi ne in an same shi a garin Musulmi, kuma ba wanda ke da ikon jifan uwarsa da alfasha ba da shaida ba. Hanyoyin da jariri ke rabuwa da uwarsa suna da yawa: uwa ta rasu a hanya ko a asibiti ba a san danginta ba, taɓin hankali bayan haihuwa, talauci, rikici, sata, da kuma cikin da aka ɓoye. Kada ki zaɓi guda ki zauna a kansa tun kafin ki ji shaida. Akwai ma wata hanyar da ake yawan mantawa: wani lokaci "an kai ki gidan mai unguwa" labari ne da manya suka shirya don rufa wa wata 'yar dangi asiri, alhali jaririyar ba ta bar zuri'ar ba. Shi ya sa ake fara bincike daga cikin gida.

Mutane kafin takardu

Takarda tana jira, tsoho ba ya jira. Wadda take da shekara 40 a 1993 ta haura 70 yanzu. Don haka ki fara da masu rai, Inna ce kuma ta farko. Kukanta tsoro ne: tana ganin in kin samu wata uwar, ita ta tashi a tutar babu. Kada ki je mata da tambayar "su wane ne iyayena", ba ta da amsarta ko kuma ba ta shirya ba. Ki fara faɗa mata a fili cewa ita ce uwarki, babu abin da zai canza haka. Bayan kwana biyu ki koma da ƙananan tambayoyi, waɗanda mace ke jin daɗin amsawa: wane zane aka naɗe ni da shi, ina yake yanzu, da damina ne ko da sanyi, wa ya fara ɗauka ta, me aka ba ni na sha a daren farko.

Wannan ta ƙarshen tana da muhimmanci ƙwarai. Tunda Inna ba ta haihu ba a lokacin, ko dai madarar gwangwani aka ba ki ko wata mai goyo ta shayar da ke. In an shayar da ke, matar nan uwarki ce ta shayarwa, 'ya'yanta muharramanki ne, domin a mazhabar Malikiyya ko tsotsa ɗaya ce ta kai ciki a shekara biyun farko ta haramta aure. Ban da haka, ita ce ta fi kowa sanin jikinki a makon farko.

Ga abin da za ki tambaye ta, ita da ungozomar unguwa in tana raye. Cibiyarki ta faɗi ko tana nan? Cibiya takan faɗi cikin mako ɗaya zuwa biyu, saboda haka in tana nan, kwanakinki kaɗan ne a duniya, kuma da wuya a ce daga nesa aka taho da ke. Da me aka ɗaure ta? Maƙallin roba ya fi nuna haihuwar asibiti, zare ya fi nuna haihuwar gida, ko da yake ƙananan asibitoci ma sukan yi amfani da zare. An yi miki aski, an huda kunne, an cire beli? In an yi, to kin kwana bakwai a wani gida, an yi suna, an kira wanzami, ma'ana akwai mutane da dama da suka san da zuwanki, kuma labarin ya fi kama da ɓata ko rasuwar uwa fiye da ɓoyayyar haihuwa. Akwai tsaga a fuska ko a ciki wadda ba ta gidanku ba? Tsohon wanzami zai iya gaya miki ta wane yanki ce. Tabon allurar BCG, ta rigakafin tarin fuka, a dantsen hagu yana ɗaukar makonni kafin ya fito, don haka in an same ki da ƙurjinsa, an riga an kai ki rigakafi a wani wuri, kuma an rubuta sunan wata uwa a wani rajista. Laya, kambu, wuri, ko 'yar takarda a cikin zanen, duk ki tambaya.

Bayan nan sai gidan mai unguwa. Ko wanda ya karɓe ki ya rasu, matansa da manyan 'ya'yansa mata sun fi shi tuna irin wannan, don hannunsu jaririyar ta fara shiga. Ki tafi da wata dattijuwa da suke jin nauyinta, ki je da ɗan goro ko sabulu kamar yadda aka saba gaishe da manya. Ki kuma san dalilin da zai sa wasu su yi gum: yar da yaro ɗan ƙasa da shekara 12 laifi ne a dokar Penal Code, kuma mutane na tsoron kada maganarsu ta kai wani gaban hukuma. Ki faɗa tun farko cewa ba ƙara kika zo kaiwa ba. Kada ki kunna rikoda a ɓoye. In an gano, ƙofar ta rufe ke nan har ta maƙwabta.

Takardu

A ƙa'ida, in an tsinci jariri, mai unguwa kan sanar da dagaci ko hakimi da 'yan sanda, a kai shi asibiti a duba, ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma ya buɗe fayil, kotu ta ba mai riƙo takarda. A aikace, musamman a shekarun 1990, da yawa a zauren mai unguwa maganar ke ƙarewa. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya sai 2003 aka yi ta, ta Jihar Kaduna kuwa sai 2018. Duk da haka ki nema. Ki fara da akwatin Baba: katin rigakafi, takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ko ta rantsuwar shekaru, duk wata takarda mai hatimin kotu ko na hakimi.

Inda mutane ke ɓata ƙafarsu shi ne su je ofis su ba da sunansu. Sunan da kike amsawa bayan an karɓe ki aka raɗa shi, ba ya cikin littafin kowa. Da kwanan wata da wuri ake neman irin wannan fayil. To tsofaffi ba sa riƙe kwanan wata na boko, sai ki taimaka musu da abin da suke tunawa. A 1993 azumi ya kama daga ƙarshen Fabrairu zuwa ƙarshen Maris, Babbar Salla ta zo farkon Yuni, aka yi zaɓen 12 ga Yuni, Abacha ya karɓi mulki a watan Nuwamba. In Inna ta ce "ana saura 'yan kwanaki Layya", kin rage shekara guda ta koma mako biyu. Da wannan za ki rubuta takardar buƙata zuwa sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukumar Zariya, ki kai kwafi biyu a buga miki hatimin karɓa a ɗaya. Ki tambayi ofishin 'yan sandan da ke kula da Tudun Wada a lokacin ko littafin rahotonsu na shekarar yana nan. In alamu sun nuna haihuwar asibiti, ki tuna Asibitin Koyarwa na ABU a Tudun Wada yake a wancan lokaci, sai 2005 ya koma Shika. Akwai kuma asibitin Ƙofar Gayan da na Wusasa. Asibiti ba zai miƙa miki rajistar ɗakin haihuwa ki duba sunayen mata ba, kuma daidai ne ya ƙi. Ta hannun jami'in jin daɗin jama'a ko umarnin kotu ake bi. Tsofaffin jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian ana samun su a Arewa House da ke Kaduna da Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Samaru, ko an buga cigiyar jaririya ko ta mai jego da ta ɓata a makonnin.

Cigiya da gwajin jini

Ni ban cika son a fara da Facebook ko TikTok ba. Ranar da kika ɗora hotonki da labarin, Inna ta shiga bakin duniya, wadda ta haife ki kuma in tana gani sai ta ƙara ɓuya, sannan ga masu cewa su ne dangi, ƙarshen zancen a turo kuɗin mota. Sanarwa a rediyo ta fi isa kunnen tsofaffin ƙauye, kuma ana iya yin ta ba da sunanki ba, da lambar wani amintacce. Ko ta wace hanya, ki ɓoye alamu biyu, misali launin zanen da wani tabo a jikinki. Wanda ya zo da gaskiya shi zai faɗe su ba a tambaye shi ba. Masu duba kuwa ki nisance su: za su nuna miki wata baiwar Allah da ba ta ji ba ba ta gani ba.

Gwajin DNA ba ya nemo mutum, tabbatarwa yake yi bayan an samu wadda ake zato. Ana goga auduga a cikin kumatun ku biyu, a kwatanta wurare kamar 16 zuwa 24 na ƙwayar halitta. Tsakanin uwa da 'ya sakamakon a bayyane yake: ko ya kore, ko ya tabbatar da sama da kashi 99 cikin 100. Tsakanin 'yan'uwa ko da gwaggo da kawu ba ya kai haka ƙarfi, sai an haɗa mutane da yawa. In kina so ya yi amfani a kotu, a cibiyar za a ɗauki samfurin, da katin shaida da hoto, ba a gida ba. Rukunin jini da jinotayip suna iya korewa kawai, ba sa tabbatarwa. Kamfanonin waje irin su AncestryDNA suna haɗa mutum ne da danginsa da su ma suka yi gwajin, kuma mutanenmu kaɗan ne a rumbunsu, don haka kada ki ɗora buri a kai. Ta fuskar addini, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta amince a 2002 a yi amfani da gwajin wajen wanda ba a san nasabarsa ba da yaran da suka ɓata, ta hana a yi amfani da shi don rushe nasabar da ta riga ta tabbata.

In Allah ya sa an kai ga wata mata, kada ki sallama a gidanta. Wataƙila tana da aure da jikoki, mijin bai san komai ba. A aika mace mai hankali ta same ta ita kaɗai, ta ba ta zaɓi: ganawa a wani gida, magana ta waya, ko saƙo. Tana iya musantawa, tana iya neman lokaci, ana iya tarar da ta rasu, kuma binciken na iya tsayawa a zauren mai unguwa bai wuce nan ba. Ki sanar da maigidanki tun farko, ki kuma samu mutum ɗaya da za ki riƙa sauke wa abin da ke ranki, don akwai makonnin da barci zai yi wuya.

Littafin

Kada ki jira bincike ya ƙare kafin ki fara rubutu, don ba ki san ranar ƙarewarsa ba, kuma abin da kike ji yanzu ba zai dawo da zafinsa ba. Rubutawa daban, fitarwa daban. Abin da zai ɓata binciken shi ne sakin labarin shafi-shafi a WhatsApp ko Wattpad yanzu. Zariya gari ne da in aka ce "malamin makaranta a Tudun Wada da matarsa ba ta haihu da wuri ba", kafin la'asar an gano gidan. Canza suna kaɗai ba ya isa. Ki canza unguwa, sana'ar uban, yawan 'ya'ya, shekarar, har ki haɗa mutum biyu su zama ɗaya. Wanda aka gane shi a littafi an jingina masa abin kunya yana da ikon kai ƙarar ɓata suna, in kuwa zina aka jingina wa wata sananniya, an shiga babin ƙazafi.

Rabuwar ɗa da uwa tsohon jigo ne a adabinmu. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, cikin littattafan da suka fito daga gasar da aka shirya a nan Zariya a 1933, a kansa ya ginu. Saboda haka jigon kaɗai ba zai ɗauki littafinki ba. Littattafan intanet sun cika da jaririya a kwali, da muguwar matar uba, da Alhajin Abuja da ke bayyana a babin ƙarshe ya ce 'yarsa ce. Ke kina da abin da ba su da shi. Kin zauna a ɗakin da malami ke karanta sunayen magada daga takarda, kina jiran naki, ya ninke takardar ya sa a aljihu. Nan ne babinki na farko. Abin da kika riƙe a hannu a lokacin, wanda ya sunkuyar da kai, wadda ta tashi wai za ta duba tukunya: su za ki rubuta, ki bar kalmomin "baƙin ciki" da "tashin hankali", mai karatu zai kawo su da kansa.

Gwajin marubuci a irin wannan labari shi ne baffa. In kin rubuta shi mugu tsantsa, littafin ya zama ramuwa, mai karatu kuma yana jin ƙamshinta. Ki ba shi dalilinsa: tsoron cin haƙƙin magada, bashin da ke kansa, tsohuwar jiƙaƙƙa da ɗan'uwansa. Haka uwar da ba ki sani ba. A littafi na biyu kina da ikon rubuta ta sau uku, da dalili uku daban, ki ga wanne ya tsaya da ƙafarsa. Wata dabara mai amfani: ki yi zubin farko da "ni", don ya fito da zafinsa, sannan ki sake shi da "ita". A sakewar za ki ga wuraren da kike kare kanki maimakon ba da labari, ki yanke su.

Littafi mai matsakaicin kauri kalmomi 40,000 zuwa 60,000 ne. Kalma 500 a rana, wato kamar shafi biyu na littafin makaranta, ta kai ki 50,000 a kwana 100. In a waya kike rubutu, ki riƙa tura wa kanki kwafi ta imel duk mako. Da kin gama ki ajiye shi wata guda kafin gyara. Zazzagancin da ba ya damuwa da bambanta namiji da mace, irin "yarinya ne", ki bar shi a bakin taurarinki in haka suke magana, amma muryar mai ba da labari ta bi daidaitacciyar Hausa, da ɓ da ɗ da ƙ a wurarensu da raba kalmomi daidai. Ki nemi mai gyara wanda bai san ki ba, ta Sashen Harsuna da Al'adun Afirka na ABU ko reshen ƙungiyar marubuta ta ANA, don ƙawa tausayinki za ta ji, ba za ta ce miki babi na 7 ya yi sanyi ba. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata, wuri ne mai kyau na gwada alƙalami, amma da wani labarin daban, ba wannan ba. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta, kuma in za ki ba maɗaba'a, a rubuta yawan kwafi da wanda ke da haƙƙin mallaka.

Kafin a kai ga bugawa, Inna ta ji abin da ke ciki daga bakinki, ta san abin da kika canza da abin da kika bari. In a lokacin akwai 'yar aike da ke tsakaninki da wata mata da ake zato, ki dakatar da bugun har maganar ta faɗa gefe guda.